Sallama Uku a Ƙofar Gidana

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Talata ta tsakiyar damina, ranar da na miƙe a gaban matan ikilisiyarmu a Agiye na ba da shaidar yadda na kori Shaiɗan daga ƙofar gidana. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi. Amma bari in faro daga tushe, don kada ku ɗauka haka kawai mace da hankalinta ta wayi gari ta yi wannan ɗanyen aiki.

Ni malamar lakol ce, wato makarantar boko. Shekarar da nake ba ku labari ta zo mini da nauyi. Aji ya cika ya batse, yaran da na sha wahala a kansu da yawa suka faɗi jarrabawa, sannan a taron ƙarshen shekara darakta ya dubi rufin ɗaki ya ce, "Wasu dai alli kawai suke ƙarar mana." Bai kira suna ba, amma kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Na dawo gida da maganar nan, na shiga hutu da ita. Abinci ya daina shiga, kai kullum yana sarawa, likita ya auna ya ce jinina ya hau. Abin da ya fi ciwon kan muni shi ne wata murya da ta tare a cikina. In tuwo ya yi gudaji sai ta ce, "Ke dai ba ki iya komai ba." In na gaida mutum bai amsa da fara'a ba sai ta ce, "Ai shi ma ya gane." Na yarda da ita sarai, don ban taɓa jin wanda ya yi mata musu ba.

Mama Rifkatu, matar fastonmu, ita ta lura da ramar da na yi. Dattijuwa ce mai magana a hankali, ba ta gaggawar komai. Ta zaunar da ni bayan sujada ta ce, "Madam, kin iya yi wa Allah magana, amma ba ki iya sauraronsa ba. Kowace safiya ki sami wuri ki zauna. Ki ɗauki aya ɗaya tak, ki yi ta tuƙa ta yadda saniya ke yi in ta kwanta. Kar ki roƙi komai. In kin gama ki buɗe kaye, littafin rubutu, ki rubuta abin da ya dame ki, da abin da kika gode wa Allah a kai, da abin da ayar ta ce game da ke."

Na sayi sabon kaye mai shuɗin bango na fara. Gaskiya abin ya yi mini amfani, kuma ba na so abin kunyar da zai biyo baya ya rufe wannan. Damuwar da take kamar ta cika gida, in na rubuta ta sai in ga layi biyu ce kawai. Ranar da na fara rubuta cewa ni abin ƙauna ce ko da yarana sun ci jarrabawa ko sun faɗi, sai na ji kamar ina sa hannu a takardar da ba tawa ba. A hankali barci ya dawo, ciwon kan ya ja baya, muryar nan ma ta fara jin kunyar fitowa.

Matsalar ita ce, wanda ya daɗe yana ganin bai iya komai ba, ranar da ya sami abin da ya iya sai ya rungume shi har ya shaƙe shi. Ban yi mako uku ba na mai da zaman shiru aji. Na ja layi a gefen kowane shafi, na fara ba kaina maki cikin ashirin da jan bik, wato biro, yadda nake yi wa yara. (Mama Rifkatu ba ta ce in yi haka ba. Hali ne, kuma hali zanen dutse.) In na buɗe ido na dubi kaza, in cire maki biyu. In tunanina ya tafi kan miyar dare, in cire uku. Maƙwabcinmu yana da injin niƙa, ga 'yan kabu-kabu suna ta wucewa, don haka na fara toshe kunne da auduga. Na kashe waya. Daga ƙarshe, da mijina da yara sun tafi gona sai in sa wa ƙofar gida sakata, da rana, abin da ba a taɓa yi ba a gidanmu.

Nan ne ya kamata in gaya muku wace ce Gwaggo Hajo. Ƙanwar babana ce, tana zaune a Gangara. Babana shi kaɗai ya zama Kirista a gidansu, tun yana saurayi, kuma 'yan'uwansa maza suka ɗauke ƙafa daga gare shi har ya koma ga Ubangiji. Gwaggo ce kaɗai ba ta ɗauke ba. Da babbar salla takan aiko mana da nama, da Kirsimeti mu aika mata da shinkafa, in an haihu ta zo ta yi mana kwana bakwai da butarta da carbinta. Ta sha gori a kan haka. 'Yan'uwanta sun sha gaya mata cewa wahalar banza take yi, wata rana sai mun nuna mata ita ba tamu ba ce. Ita dai amsarta ɗaya, zumunta a ƙafa take. In Gwaggo ta daina zuwa, to ba ni da sauran kowa a gidan da aka haifi ubana.

Safiyar Talatar nan na shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dogon yaron tsakar gida, ina fuskantar ƙofa. Na rufe ido, na saki fuska har da ɗan murmushi, don na karanta a fuskar Mama Rifkatu cewa haka masu salama suke yi. Can sai na ji sallama, a dusashe, kamar daga cikin rijiya. Na ce a raina mai nono ce, ta dawo anjima. Aka sake sallama, aka ɗan taɓa ƙofa. Sai wani tunani ya zo mini mai daɗi: ai wannan gwaji ne, Magabci ne yake so ya raba ni da zamana. Na ƙara gyara zama, na ƙara faɗaɗa murmushi. Aka yi ta uku, wannan karon da ɗan tsawo. Daga nan shiru. Da na buɗe ido na jawo kaye na rubuta, "Yau an jarraba ni sau uku, ban motsa ba." Na ba kaina goma sha tara. (Ɗayan da na rage, don tawali'u ne.)

Da la'asar muka taru a zumuntar mata. Da aka zo lokacin shaida ban jira an kira ni ba. Na miƙe da kayena a hannu, na ba su tarihin ciwona da warakata, suna ta cewa amin. Sannan na zo kan nasarar safiya. Na kwatanta musu yadda Shaiɗan ya zo har ƙofar gidana, ya yi sallama sau uku da muryar mutane, ni kuwa ko gezau. Har makin na karanta musu. Da na tsaya nan da watakila na tsira da sauran mutuncina, amma bakin malama ya saba, sai na ji na ce, "Ko akwai mai tambaya?"

Saratu ta ɗaga hannu. Gidanta yana kallon nawa, kuma mace ce da ba ta iya tauna magana ba.

"Madam," in ji ta, "shi Shaiɗan ɗin nan, da ƙwarya bisa kai ya zo?"

Ta sunkuya ta jawo wata ƙwarya daga ƙarƙashin benci, an rufe ta da faifai an ɗaure da tsumma. Tun kafin ta ajiye na gane faifan, don Gwaggo ce kaɗai na sani mai saƙa bakin faifai da jan kaba da baƙi a jere.

"Na fito zan tafi gona na ishe tsohuwa ta juyo daga ƙofarki," Saratu ta ci gaba. "Ta ce ta ji labari ba ki da lafiya, shi ne ta bar noma ta kawo miki man shanu da ƙwan zabi. Na ce bari in buga miki da ƙarfi, ta ce a'a, in bar ki, ta leƙa ta kafar ƙofa ta gan ki zaune kina kallonta kina murmushi. Ruwa ma da ƙyar ta sha. Ta koma tasha."

Babu wadda ta yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Ina tsaye da kaye a buɗe, jan makin nan yana kallona, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Gwaggo idonta ya yi rauni, ba za ta bambanta rufaffen ido da buɗaɗɗe daga nesa ba. Abin da ta gani shi ne ɗiyar wanta ta kulle ƙofa da rana, ta zauna tana mata murmushi. Mama Rifkatu ta ta da waƙa don ta rufa mini asiri. Da aka tashi ta riƙe hannuna ta ce a hankali, "Baki na ce ki rufe, Madam, ban ce ki rufe ƙofa ba."

Washegari na shiga motar Gazawa, daga can na hau kabu-kabu zuwa Gangara. Hanya duk taɓo, ni kuwa ina ta shirya jawabi ina rushewa. Tsoro nake ji ƙwarai. Na iske ta a tsakar gida tana tsince yakuwa. Ta gaishe ni gaisuwa cikakkiya, ta tambayi mai gida da yara da damina da gajiyar hanya, ɗaya bayan ɗaya, yadda ake gaida baƙon da ake ganin girmansa. Da can in na zo da zagin wasa take tarbata. Na durƙusa na ce, "Gwaggo, na zo ne a kan jiya."

Ta waiga ta tabbata ba kowa kusa, sannan ta ce, "Yi a hankali. Ban hwaɗi ma kowa ba. Na ce masu na ishe kin tahi Maraɗi wajen likita."

Wannan ya fi tambayar Saratu zafi. Tsohuwa mai carbi ta yi ƙarya saboda ni, don kada 'yan'uwanta su ce mata ai mun gaya miki. Na kwashe komai na faɗa mata, da audugar, da sakatar, da rufe idon. Makin kaɗai na ɓoye, don ban san ta inda zan fara bayaninsa ba. Ta saurara har na gama, hannunta bai bar yakuwar ba.

"To ashe ibada kike," in ji ta.

"Ibada nake, Gwaggo."

Sai ta ce, "Ɗiyata, mu ma in muna salla ba mu amsa sallama. Amma mutum shi kan yi gyaran murya, ko shi ɗaga kabbara, don na waje shi san an ji shi. Ku ba a koya maku gyaran murya ba?"

Na ce an koya mana abubuwa da yawa, wannan ne dai ban kai gare shi ba. Ta ɗan murmusa, ta tambaye ni ko man shanun ya isa lafiya, ta sa aka dama mini fura. Amma da zan tafi ba ta ce sai na zo ba, kamar yadda ta saba. Ta ce in gaida gida kawai. Na dawo Agiye ban san matsayina ba.

Ban daina zaman safe ba, don ba laifin zaman ba ne. Ƙofa dai na bar ta a buɗe, kunne ma haka, kuma na gano ana iya sauraron Allah injin niƙa yana aiki. Damina ta wuce, aka yi girbi, aka koma lakol, Gwaggo shiru. Kusan kowane shafi na watannin nan akwai sunanta a wurin abin da ya dame ni.

Wata Asabar da safe ina zaune ido a rufe sai na ji sallama, kuma wannan karon na gane muryar tun daga harafin farko. Don ɗoki na yi wani irin gyaran murya da ya sarƙe ni, na kama tari har da hawaye.

"Na jiya, na jiya," in ji Gwaggo tana shigowa. "Kada ki kashe kanki. Ida ibadarki."

Ta sauke kayanta, ta zauna a bakin tabarmata, ta ciro carbinta. Na mai da ido na rufe, amma ban tuƙa ko kalma ɗaya ta ayar ranar ba, ina ta sauraron ƙwayoyin carbin suna bin juna a kusa da ni.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne, kuma na saye shi da tsada. In za ka yi shiru don ka ji Allah, ka bar kunne ɗaya a bakin ƙofa, don wani lokaci amsar addu'ar taka ce tsaye a waje da ƙwarya a kai, kuma sau uku kawai take sallama.