Ranar da Na Ƙi a Rufa Mini Asiri da Italiyanci

Ba zan taɓa mantawa da walimar auren ƙanwata a unguwar Aziziyya, a ƙasa mai tsarki, ba. Lokacin ban daɗe da dawowa daga Italiya ba, inda shagonmu ya tura ni duba tayil. Kwana tara na yi, amma a bakina sun zama shekaru.

Bayan la'asar muna zaune ana shan gahawa, na buɗe baki. Na ce ai Italiyawa ba su san komai ba sai taliya da ƙwallo, kuma ni yarensu kamar ruwa nake shan sa (kalmomi uku na sani: i, a'a, na gode).

A gefena akwai wani dattijo siriri mai tsohuwar jallabiya, baƙon Kawu Sale da ya zo Umara. Ya juyo ya yi mini wata doguwar magana da Italiyanci. Na ce, “Si.” Ya ƙara wata. Na ce, “Si, si.” Da ya yi ta uku, na ga kada abin ya yi yawa, sai na girgiza kai na ce, “No.”

Ya ajiye finjalinsa a hankali.

“Ɗana, tambayarka na yi ko kana so in rufa maka asiri, ka ce a'a.”

Kawu ya yi dariya har ya ƙware. “Ya walad, kai yaro, ka san wa ke gabanka?”

Ashe mutumin Damagaram ne. Karatu ya kai shi Italiya yana saurayi, ya shekara talatin da wani abu yana bin ɗakunan ajiyar littattafai, yana karanta waƙoƙin da aka rubuta da hannu tun kafin a san injin ɗab'i. Wani baiti ɗaya da tawadarsa ta dushe, shekara biyu ya yi kafin ya tabbatar da karatunsa. 'Ya'yan Italiyawan ma a wurinsa suke koyon tsohon harshen kakanninsu.

Bai ƙara muzanta ni ba. Ya rera mana baiti huɗu, ya mayar da su Hausa, kan mutumin da ya yi nisa da garinsu. Na ga Kawu yana share ido da gefen rawaninsa.

Tun ranar, kafin in yi cika baki sai na tambayi sana'ar kowane tsoho da ke wurin. Tambayar da ban gane ba kuwa, “na gode” kawai nake cewa.