Rasuwar Gwaggo, Na'urar Kwafi ta Hawa na Biyu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsu masu baƙin tawada, Kawu mai kwafi yake sanar da ma'aikatan wannan ma'aikata rasuwar abokiyar aikinsa, na'urar da kowa ya sani da Gwaggo. Ta cika ranar Talata da hantsi, da rabin takarda a bakinta, bayan shekara goma sha bakwai tana yi wa gwamnati hidima.

Marigayiya mai haƙuri ce, ga riƙon amana. Takardar ƙarin girma da takardar kora, da murya ɗaya take fitar da su: shuuu-ƙwas, shuuu-ƙwas. Ta buga katin bikin 'yar darakta guda ɗari huɗu, ba wanda ya ji daga bakinta. In ranta ya ɓaci, Kawu kan shafa mata gefe, ya ɗan bubbuga sau biyu, sai ta huce.

Ciwon ajalinta ba wani babba ba ne. 'Yar robar da ke jan takarda ce ta cinye, girmanta bai kai ɗan yatsa ba. Sai dai ciwon ya zo a shekarar da majalisa ta yi dokar da ta sa wa kowace ma'aikata iyaka a kan kuɗin da take kashewa na ganin dama. Albashi dole ne, doka ba ta taɓa shi ba. Gyara kuwa ganin dama ne. Ga shi tun wata na biyu sabon labulen darakta da kujerarsa mai juyi suka kai ma'aikata iyakar.

Kawu ya hau bene ya sauko har gwiwarsa ta kumbura. Daga ƙarshe aka ce ana iya roƙon kwamiti ya ɗaga ƙafa, amma takardar roƙon sai kwafi goma sha biyu, kuma ba a karɓar bugun shagon waje. Gwaggo, baiwar Allah, ta daure da ciwonta ta fitar da bakwai. A na takwas ta ce ƙrrr, ta ce ƙit, koriyar fitilarta ta mutu.

Ta rasu ta bar Kawu, da ƙanwarta firinta wadda ke kwance babu tawada tun bara, da tsofaffin 'yan fansho da ke zaune a baranda rungume da fayil.

Shekara biyu suka rage wa Kawu ya yi ritaya, kuma ya san mai kwafi ba na'ura korarre ne. Kwana uku bai iya cin abin kirki ba, yana jiran takardar sallama. An ma rubuta ta, darakta ya sa hannu. Sai sakatariya ta tuna takardar sallama kwafi shida ake yi. Takardar tana nan a aljihun tebur. Ko bayan ranta, Gwaggo ta rufa wa abokinta asiri.

Batun jana'iza: kai ta sito sai ƙarti huɗu, sallamarsu kuma ganin dama ce, don haka an ɗage sai sabon kasafi. Za ta kwanta a inda take, an lulluɓe ta da tsohon labulen darakta, wanda ya bayar kyauta, Allah ya saka masa. Kawu zai karɓi gaisuwa a gefenta kullum, takwas zuwa huɗu, ban da ranakun hutu.

Wannan sanarwa da hannu aka rubuta ta, guda ɗaya ce tak. Wanda ya karanta ya miƙa wa na kusa da shi, na ƙarshe ya mayar wa Kawu.