Cikin Hijabin Anti Kulu

Ba za ni taɓa mantawa da ranar da munka maƙale cikin yashi ni da Anti Kulu ba. Har yanzu in na ji ƙarar babura da yawa sai in fara neman wurin ɓuya.

Anti Kulu ma'aikaciyar lafiya ce a garin Isa. Tun da na ƙare sakandare nake bin ta rigakafi ƙauyuka, ina ɗaukar akwatin allura. Mace ce mai jiki, ma sha Allah (in ta hau benci, mu sai tabarma). Shekarun aikinta da saura, amma gwiwa ta matsa mata, ga hawan jini, ga 'yan kabu-kabu sun fara gudunta. Wai in 'yan bindiga sunka biyo su a daji, babur ba ya tashi da ita. Sai ta ce ritaya za ta yi. Ni kuwa in ta tafi, wa zai ɗauke ni aiki?

"Anti, ƙiba ai ba ciwo ba ce," na ce. "Ki daure, kowa da ƙarfin hali yake bin hanyar ga."

"Ke ɗiyar ga, bakinki ya fi ki nauyi."

Ni da kaina na tsare wani ɗan kabu-kabu da gori har ya kwashe mu, mu biyu, zuwa wani ƙauye bayan Turba. Muna shiga wani kwari mai yashi tayar baya ta nutse, babur ya mutu. Yana ta fama ya tada shi, sai munka jiyo babura daga daji. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Ga wurin ko bukka babu.

"Ai na hwaɗa maku!" Ɗan kabu-kabun ya yar da babur ya faɗa cikin gero.

Anti ta ɗaga ƙafa, gwiwa ta ƙi. Ta tsaya tana haki.

"Gudu, ɗiyata. Ni nan Allah Ya aje ni."

Ina ƙafar gudu? Ban san sa'ad da na shige cikin hijabinta ba, na ƙanƙame ta ta baya, na runtse ido. Ina jin zuciyarta tana bugawa a kunnena. Babura sunka kewaye mu, sunka kashe inji. Sai takun mutane cikin yashi. Wallahi ba wanda ya tambaye ni komai, bakina ne ya buɗe da kansa:

"Ita ce ma'aikaciyar gwamnati! Ni rakiya na yo! Gidanmu ko akuya babu!"



Can wani ya ce, "Hajiya, lahiya? Hijabin ga shi ka magana?"

Ashe 'yan kasuwar garin Bafarawa ne, sun haɗa ayari don su ma tsoron hanya suke yi. Anti ta ɗaga hijabi kamar mai buɗe akurki. Fuskar da na fara gani ta Kawu ce, ƙanen innata.

"Ke! Awakin uwakki hwa, wa ya canye su?"

Su sunka turo babur, sunka kirawo mai shi daga gona. Har munka dawo ko kallona Anti ba ta yi ba (da mari ta yi, da ya fi mini sauƙi). Bakin ƙofarta ta ce, "Kin kyauta. Da ina waswasin ritaya, yanzu na gama."

Ta aje aiki, ni ma ga ni zaune gida. Duk wanda ya je wajenta sai ta ce a gaida mata 'yar rakiya. Na dai koyi abu guda: komai faɗin hijabi, ba ya rufa asirin mai baki.