Katin da Kaka Ya Sace

"Lafiya lau, Amarya. Yau kuma da me aka tashi, har da durƙuso? Rabon gwiwarki da ƙasa a gabana tun kina rarrafe."

"Kaka, gaishe ka kawai na zo yi."

"Kaka! Yau ni ne Kaka? Jiya fa tsohon rediyo kika kira ni, kika ce ba na kama tasha sai an buga ni."

Tsohon yana zaune a ɗakin bayan shagon hoto, inda a da yake wanke hotuna cikin duhu, yanzu kuwa ya mai da shi fadarsa: kujerar roba, butar shayi, da kwalaye har rufi. Shekara arba'in ya yi yana ɗaukar hoto, kuma saboda yawan daka wa mutane tsawar "kar ka motsa!" sunan ya bi shi, duk layin Kar-ka-motsa ake ce masa. Da ido ya fara gardama sai ya miƙa wa jikarsa shagon. Ita kaɗai ce a zuriyar ta ɗauki kyamara, shi ya sa ake ce mata 'Yar Gado. Tsakaninta da shi kuwa kullum tsiya ce, shi ya ce matarsa ce da ba ta iya shayi ba, ita ta ce mijin da aka ƙaƙaba mata ne ba haƙori.

Amma yau ba tsiya ce ta kawo ta ba. Wata biyu da suka wuce wata malamar asibiti ta kawo mahaifiyarta shagon aka ɗauke su hoto tare. Bayan sati uku Allah ya yi wa tsohuwar rasuwa. Jiya malamar ta bugo waya, muryarta na rawa, ta ce tana son a buga mata babban hoton da za ta rataya a falo, domin shi ne hotonsu na ƙarshe, kuma za ta zo yau ƙarfe huɗu. 'Yar Gado ta ce mata ta kwantar da hankalinta, hotuna suna nan daram. Da safe ta buɗe kwamfuta, wayam. Ta shiga rumbun intanet inda take ajiya, nan ma wayam.

Ta zayyana masa duka, idonta a ƙasa.

"To yaya aka yi rumbun naki ya yi ƙafa?" in ji shi. "Ba shi ne kike min gori da shi ba, wai ko shagon nan ya ƙone ƙurmus hotunanki suna sama?"

"Kwamfutar ce ta cika. Ka san ɗanyen hoto nake ɗauka, wanda ba a matse ba, guda ɗaya sai ya cinye wurin hoton waya ashirin. Na ga manhajar rumbun ta kwashe su zuwa can, sai na goge na nan don in samu wuri. Ashe abin da na yi a nan shi take yi a can. Kwana talatin kawai take riƙe abin da aka goge, kuma an wuce."

"Wato kin ɗauki mai gadi, ya ga kin zubar da kayan ɗakinki a bola, shi ma ya kwaso na sito ya bi ki da su."

"Haka ne."

"Kai, wannan mai gadi akwai biyayya! Da ke ma haka kike min da na yi ƙiba."

"Kaka, don Allah. Katin kyamarar nake nema. Ranar da na juye shi a kwamfuta na ajiye shi a kan tebur, washegari ya ɓace."

"Ɓeraye ne. Na sha gaya miki shagon nan akwai ɓeraye."

"Ɓeran da ke sa tabarau, yana jan takalmi, yana tari?"

"Ɓerayen zamani ne, me ba sa yi?"

"Kati goma sha ɗaya na rasa a shekara biyu. Ban taɓa ganin ɓeran da ke barin biskit ya ɗauki kati ba."

"Yanzu mijin naki kike kira ɓarawo? A gaban butar shayina?"

"Ban ce ɓarawo ba. Cewa na yi hannunka yana da maganaɗisu."

Ya kurɓi shayi a hankali, yana kallonta ta saman tabarau. Ita kuwa ji take kamar ta shaƙe shi ta kuma rungume ƙafarsa a lokaci guda. Ba ta da tabbas shi ya ɗauka. In ba shi ba ne, ƙarfe huɗu za ta tsaya gaban matar da ta binne uwarta ta ce mata ta goge hotunan da hannunta.

"In ma akwai wani abu," ya ce, "sai kin faɗa da bakinki wane ne ya fi kowa kyau a layin nan."

"Kai ne."

"Har da mai gyaran wayan nan da kike yi wa fari da ido?"

"Har da shi. Ba ya kama ƙafarka. In ka yi dariya dasashinka har walƙiya yake."

"Ji 'yar banza! Ɗauko min gwangwanin can na saman kwali."

Gwangwanin biskit ne, fentinsa duk ya kwaile. Tun tana yarinya take ganinsa, ta ɗauka tarkacen allura da maɓallai ne a ciki. Da ya buɗe sai ga ƙananan ambulan a jere tsaf, irin waɗanda yake zuba fim a ciki a zamaninsa, kowanne da kwanan wata da rubutunsa mai karkata. Ya lashi yatsa ya soma bi ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, har da tsayawa ya hure ƙura.

"Tsoho mai sanda da jikoki bakwai. A'a. Dattijo mai farin gemu, ya ƙi murmushi. A'a. Yauwa. Tsohuwa mai wushirya da 'yarta."

Ta fizge ambulan ɗin ta ruga kan tebur. Sau biyu katin yana kuɓuce mata kafin ya shiga ramin kwamfuta. 'Yar da'irar jiran nan ta kan allo ta yi ta juyawa, ta yi ta juyawa. Can sai ga su sun zubo, hoto ɗari da goma sha huɗu. Ga tsohuwar ta jingina da kafaɗar 'yarta tana dariya, wushiryar a waje, har zanen mayafinta ana iya ƙirga zarensa.

'Yar Gado ta sulale ta zauna a ƙasa dirshan. "Alhamdu lillahi," take ta maimaitawa, tana dariya hawaye na zuba. Wani sanyi ya sauko mata tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Ba ta taɓa jin daɗin sata ba sai yau.

"Tashi kar ki jiƙa min siminti," in ji shi, ya jawo kujerarsa kusa da teburin. "Yanzu sai a kori wancan mai gadin a ɗauki sabo. Kuma ni zan yi masa tambayoyi, tunda ke duk wanda ya yi miki kyau a allo sai ki bi shi."

"Kai da ko kashe waya ba ka iya ba sai dai ka cusa ta ƙarƙashin filo?"

"Ina ruwana da waya? Ajiya na sani. Kawo su."

Ta sa firinta ta fara buga babban hoton, sannan ta buɗe manhajojin ajiyar da ta daɗe tana dubawa tana ɗage zaɓi.

"Ga na farko. Kyauta ne, kuma wuri ba iyaka."

"Kyauta? Me yake ci?"

"Yana ɗan matse hoton ya rage masa nauyi."

"Wato in kin ba shi tsohuwar nan, zai dawo miki da ita ba wushirya."

"Ba haka ba, sai an buga babba ne za a ga ya dushe."

"To ƙarami za a rataya a falo? Sallame shi. Ni ma a zamanina akwai wani mai wanki da ke tsarma magani da ruwa, ango ya fito kamar an zana shi da toka."

"Na biyu irin wanda nake da shi ne, amma ya fi sauri."

"Ya fi sauri wajen zubar da kaya? Allah ya kiyaye hanya. Na gaba."

Na ukun ba shi da ado, allonsa fari fat kamar takardar asibiti. Ta karanta masa: yana kwasar ɗanyen hoto yadda yake, da kansa yake aikinsa kullum ba sai an tuna masa ba, kuma abin da aka goge a kwamfuta yana riƙe shi shekara guda, in an zaɓa ma har abada.

"Wa ke da mabuɗin?"

"Ni. Kalmar sirri ce, ko su masu rumbun ba sa ganin abin da ke ciki."

"Ke? Ke da kika taɓa kulle kanki a bayan gida?"

"Shekarata huɗu lokacin!"

"Hali ne, ba ya tsufa. Rubuta ta a takarda a sa a gwangwani. In masu rumbun suka tashi suka rufe shago fa?"

Ba ta taɓa kawo wannan a ranta ba. Suka yi ta ja har suka tsaya a kan za ta sayi faifan ajiya biyu, ɗaya a shago, ɗaya a gidan gwaggonta, duk ƙarshen sati ta musanya su.

"Gidan gwaggonki dai ya yi," in ji shi. "Wadda ba ta zubar da ledar burodi ba za ta zubar da faifai ba. Saura gwaji. Ba shi hoto ɗaya, ki goge, ki ce ya dawo da shi ina gani."

"Ai sun rubuta yana dawowa."

"Ke ma jiya kin gaya wa baiwar Allah hotuna suna nan daram."

Wannan ta shige ta. Ta ɗora hoto guda, intanet na tafiya kamar mai ciwon ƙafa, tsohon na yi masa kirari. Da ya gama hawa ta goge na kwamfutar, ta zubar da kwandon sharar ma. Ta danna neman dawowa. Hoton ya sauko da nauyinsa cif, ba abin da ya ragu.

"To, wannan ya ci," in ji shi. "Amma har yanzu bai kai gwangwani ba."

"Gwangwanin da ruwan sama ɗaya zai gama da shi?"

"Shi ya sa na yarda da naki, uwar surutu. Shi ya tsare nawa, nawa ya tsare shi."

Firinta ta turo hoton a hankali. Suka shimfiɗa shi a kan tebur, ya matso da tabarau har hancinsa ya kusa taɓa takardar, ya ce haske ya yi yawa ta hagu, amma ba laifi ga 'yar koyo. Ita kuwa ambulan ɗin take bi ɗaya ɗaya tana karantawa. Tsoho mai sanda. Dattijo mai gemu. Tsohuwa a keken guragu. Duk goma sha ɗayan haka suke.

"Kaka, ba ka taɓa ɗaukar na 'yan makaranta ko na masu fasfo ba."

"Su ai in ya ɓace sai a ce su dawo gobe." Ya rufe gwangwanin yana shafa murfin. "Kakarki kullum sai ta ce in ɗauke ta, ni kuma in ce fim na masu biyan kuɗi ne, bari na gobe. Shekara talatin muna tare a bayan shagon nan. Hoton katin shaidarta kaɗai gare ni, shi ma ta runtse ido."

Tausayinsa ya kama ta. Sai kuma ta tuna ita ma shekara shida tana riƙe da kyamara a ɗaki ɗaya da shi, ta ɗauki rabin unguwa, shi ko sau ɗaya ba ta ɗaga masa ita ba. Ta miƙe ta zura sabon kati.

"Gyara zama."

"Me za ki yi? Ni ba a ɗaukata. Ni nake ɗauka."

"Gyara hular, ta karkace kamar ta ɗan dako. Ɗago haɓa. Kar ka motsa!"

Jin tsawarsa a bakinta ya sa ya tuntsire da dariya, dasashi duk a waje, a daidai nan ta danna. Ta ƙara, ta ƙara. Ta juye su a kwamfuta, ta tsaya sai da sabon mai gadin ya kwashe su tas. Sannan ta zare katin, ta ɗauko ambulan, ta durƙusa ta miƙa masa da hannu biyu.

"Ungo, na hutar da ɓera."

Ya karɓa yana jujjuya shi. "Wato kin duba kin ga na kusa barin duniya ko?"

"Ina fa! Irinku sai kun ga bayan kowa. Na dai gaji da ce maka gobe."

"To na sallama, Amarya, yau kin ci ni." Ya goge gefen ido da hannun riga, ya ce ƙurar kwali ce. Ya zaro biro ya rubuta kwanan wata, ya ɗan yi tunani, ya ƙara wani layi a ƙasa. Ta leƙa ta karanta: Mafi kyau a layin nan, matarsa ta shaida.

Daga ƙofar shago aka yi sallama. Ƙarfe huɗu saura kwata. 'Yar Gado ta ɗauki hoton tsohuwar da hannu biyu ta fita.