Yadda Mai Ƙamusun Mulki Ya Ci Bene da Yaƙi

Duk wanda ya ce birnin Braga na ƙasar Fotugal ya daina haihuwar manyan mutane, bai taɓa leƙa hawa na huɗu a bene mai lamba tara ba, inda Senhor Hermínio Valadares yake zaune. Allah ya yi wa bawan nan baiwa uku: faffaɗan ƙirji, murya mai kauri, da shekara ashirin da bakwai a Ingila. Ta ukun ce ta fi nauyi, don ita yake fara ajiyewa a kan tebur kafin ya ajiye hularsa. A can, in ji shi, mutum ɗari biyu ne a ƙarƙashinsa. Kuma ba ƙarya ya yi ba. A kamfanin figar kaji, ɗakin da yake liƙa wa kwalaye takarda a sama yake, masu figa suna ƙasa.

Da ya ajiye aiki ya dawo gida, bai dawo hannu rabbana ba. Ya zo da wani littafi mai baƙin bango da ya rubuta da hannunsa: kalmomin Ingilishi ɗari uku da goma sha biyu na mulki da danniya da juya mutane, kowace da takwararta ta Fotugis a gefe. Maƙwabta suka raɗa masa Mai Ƙamus. Ya karɓi sunan hannu bibbiyu, don gwano ba ya jin warin jikinsa.

Kowace safiya yakan buɗe littafin a shagon kofi na bakin layi, ya yi gyaran murya, masu karanta jarida su nutse a bayan jaridunsu.

“Abin da ya kashe ƙasar nan,” in ji shi, “kalma ɗaya kuka riƙe, mandar. Da ita kuke aiken yaro, da ita kuke korar kare, da ita kuke riƙon ƙasa. Mutumin Ingila fa? Yana da ta mulki da ido, da ta mulki da takarda, da ta mulki da takalmi a wuya. Dominate, dominar! Subjugate, subjugar! Ku ji yadda suke cika baki!”

Dona Graciete, tsohuwar malamar makaranta da ke hawan ƙasa, ta ɗago daga kofinta ta ce, “To ai maƙwabci, abu ɗaya ne. Wutsiya kawai suka canja.”

“A wutsiyar ikon yake, Dona Graciete,” ya ce, ya rufe littafinsa.

Sai dai ilimin da ba a gwada shi ciwo ne. Ya gwada a kan matarsa, ta ce ya ɗaga ƙafa tana shara. Ya gwada a kan kyanwarta, ta yi hamma. Ana nan sai idonsa ya faɗa kan Senhor Aníbal, tsohon direban bas, wanda ya shekara tara yana shugabancin benen, tarin makullai na kaɗawa a ƙugunsa. Shekara tara! Zakin Hawa na Huɗu ya duba littafinsa, ya sami kalma goma sha ɗaya da suka dace da irin wannan kama-karya. Nan take ya sanar a shagon kofi cewa a taron masu gidaje na Janairu zai kifar da azzalumi, in kuwa ya kasa, kada a sake kiransa namiji.

Abin da sanyin Ingila ya mantar da shi, kujerar nan ba mai son ta. Shugaban bene shi ne mai canja ƙwan fitila, mai jiran mai gyaran lif, mai raba faɗa a kan shanya. Ranar taro kowa a benen yake tashi da ciwon baya, wanda ya daure ya zo kuma takalminsa yake kallo. Shi kansa Aníbal ƙuda ya ɗaga hannu zai kora aka ce ya amince, kuma tun daga ranar bai sami wanda zai sauke wa kayan ba.

Da labari ya kai masa, sai murna ta kama shi. Ya nufi matakala zai je ya rungumi abokin hamayyarsa, Dona Graciete ta cafke masa hannun riga.

“Kai Aníbal, ka haukace? In ya ga abin a banza zai shinshino. Ɗaure fuska, ka yi kamar ranka za a cire.”

Haka aka yi. Da suka haɗu a bakin akwatunan wasiƙu, Aníbal ya kaɗa makullai ya ce, “Sai dai bayan raina, maƙwabci!” Ya faɗe ta da kyau, don ya yi kwana biyu yana maimaitawa.

Gwarzon namu ya tsorata, tsoro na gaske. Ya ga kansa yana shiga shagon kofi a matsayin wanda direban bas ya kayar, abin ya hana shi cin abinci. Ya shiga bin ƙofa ƙofa da kwalin kek mai ƙwai. Maƙwabta suna karɓa, suna taunawa, suna girgiza kai suna cewa ai Aníbal ya yi ƙarfi, sai dai a gani. Wata bazawara a hawa na biyu sai da ta ci kwali uku kafin zuciyarta ta karkato.

Ranar Asabar da la'asar aka hallara a gareji, a tsaye tsakanin motoci kamar kullum, sai dai bana ba wanda bayansa ya yi ciwo. Mai Ƙamus ya zo da kwat da laktaye, ya hau kan wata tsohuwar taya.

“Jama'ar bene mai lamba tara! Gidan da ba a juya shi, shi yake juya mutane. Na zauna da waɗanda suka mallaki rabin duniya, na san sirrinsu. Ba mandar na zo yi muku ba, na zo in yi govern, governar! Kuma ba na karɓar mulkin shekara ɗaya kamar hayar keke. A rubuta: shekara goma, ba tsigewa, ba murabus, ba mataimaki. Wanda ya ji tsoro ya fita!”

Sai aka ji shessheƙa. Aníbal ne, ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa na rawa. Senhor Hermínio ya dube shi daga kan taya da tausayin mai nasara, don ya san zafin faɗuwa daga mulki. Aka ce a ɗaga hannu. Hannun Aníbal ne ya fara tashi, sai da Dona Graciete ta mintsine shi ya sauke. Mutum sha ɗaya suka amince, Aníbal kaɗai ya rage. Aka rubuta sharaɗin, kowa ya sa hannu da sauri kamar za a ƙwace biron.

Nan take aka miƙa kayan sarauta: makullai, tsani, bokiti, robar buɗe magudana mai dogon mariƙi, da wata tsohuwar waya. Kafin ya gama godiya wayar ta fara ƙara.

Ba ta daina ba. Lif ya tsaya da wani dattijo da kwandon kabeji a ciki. Tattabaru suka ɓata zanen gadon hawa na uku, aka ce shugaba ya hau rufi ya yi musu magana. Na hawa na biyar suka gasa kifi a baranda, na shida suka ce ko ya hana ko su kai shi ƙara. Duk kalmomin nan ɗari uku da goma sha biyu ya ji su a jikinsa, sai dai kullum shi ne a ƙarshen jimla. A mako na huɗu magudanar gareji ta toshe. Gwamnan Bene ya naɗe wando zuwa gwiwa yana danna roba, mata uku a kan matakala suna ba da umarni, wannan ta ce hagu, waccan ta ce da ƙarfi, ya yi hagu, ya yi da ƙarfi. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Washegari ya rubuta takardar murabus, shafi biyu, cikin harsuna biyu. Dona Graciete ta karanta har ƙarshe, ta gyara masa waƙafi ɗaya, ta mayar masa.

“Da bakinka ka ce ba murabus, maƙwabci. Mu su wa da za mu saɓa wa shugaba?”

A yau ba shugaban da talakawansa ke ƙauna a duk Braga kamar Senhor Hermínio Valadares. In ya yi tari a matakala, ƙofa biyar ke buɗewa, wannan da zuma, wancan da miyar kaza. In ya hau tsani, sai an sami mai riƙe masa. Kowace Lahadi kuma Aníbal yakan shiga coci ya kunna kyandir, ya durƙusa ya roƙa masa lafiya da tsawon rai da zuciya ɗaya, don ya san ranar da bawan Allahn nan ya faɗi, robar magudana sai ta nemi wani hannun.