Awon Ɗakin Kaka

"Lafiya lau na kwana, ganinki ne dai ya ɓata min safiya. Wa ya buɗe miki ƙofa?"

"Ƙofar da ko iska ta taɓa sai ta buɗe? Ashe kana nan, tsohon mijina. Na ɗauka ruwan shekaranjiya ya yi gaba da kai."

"Ina nan daram, Gajera. Ruwa ya san wanda ya gina gidan nan."

"Ya san shi mana, shi ya sa yake shigo masa gaisuwa har gado."

Gajera ta ajiye jakarta a kan benci tana dariya, amma dariyar iyakarta baki. Idonta na kan bangon ɗakin kakanta, inda danshi ya ja layi har kusan gwiwa. Katifarsa na shanye a kan igiya kwana biyu ke nan, ta ƙi bushewa. Tun da aka cike titin ƙofar gida aka ɗaga shi, rariyar tsakar gida ta daina fitar da ruwa, duk sanda aka yi ruwan sama sai ya taru ya nufi ɗakin tsoho. Makon jiya babanta ya zo, ya tsaya a bakin ɗakin da wayarsa, ya fita titi ya sake dubawa, wayar ta ce masa ɗakin ya fi titi zurfi da mita huɗu. Nan take ya yanke magana: ranar Asabar mota za ta zo ta kai Kaka gidansu, hawa na uku, a rufe wannan gida. Shi kuwa Kaka shekara arba'in yana aikin gini, da hannunsa ya ɗora kowane bulo na ɗakin nan, kuma a cikinsa matarsa ta cika.

"Me kika zo yi? Babanki ne ya aiko ki ki auna min likkafani?"

"Likkafaninka ai ƙyallen goge tebur ya isa, duk ka motse. Awon gida na zo sakewa. Ka manta matarka 'yar safiyo ce?"

"'Yar safiyon da sai ta taka bulo take hango allo."

"Shekarata biyu ina karatun awon ƙasa, Kaka. Ka dinga girmama ni."

"Ni kuma shekarata biyu ina jiran ki ƙara tsayi. Fito da bokan naku mu gani."

Ta ciro waya, ta buɗe manhajar nuna hanya, ta tsaya a dokin ƙofa. A ranta ta san abin da malamansu suka sha faɗa, cewa waya ba abin dogaro ba ce wajen tsayin wuri. Abin da ba ta sani ba shi ne inda gaskiyar take, don ko da ido mutum ya duba, titin ya fi tsakar gida tudu. Tsoro take ji kada ta auna da kyau, awon ya goyi bayan babanta.

"Ta ce muna mita ɗari huɗu da tamanin da shida sama da teku."

"Wane teku? Ni ban taɓa ganinsa ba, ban kuma yi masa laifin komai ba."

"Daga can ake fara lissafi. Tsaya, yanzu ta ce ɗari huɗu da casa'in da ɗaya."

"Mun tashi sama ke nan? Mita biyar ina zaune ban ji ko girgiza ba? Riƙe ni, Gajera, kada in faɗo."

"Ka bari ta nutsu mana."

"Ɗora ta a kanki."

"Me ya sa?"

"Ke dai ɗora."

Ta ɗora wayar a kan ɗankwalinta, ta ƙirga goma, ta sauke.

"Tamanin da uku."

"To ajiye ta a ƙasa."

Ta ajiye, ta durƙusa ta leƙa, ta ƙura wa wayar ido.

"Faɗa mana, ko bakin ya mutu?"

"Tamanin da takwas."

Kaka ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Wato ƙasa ta fi ki tsayi da mita biyar. Shekara ashirin ina faɗar haka a gidan nan ana cewa sharri nake miki, yau ga shi bokanku ya shaida."

"Kai ma in na ɗora maka cewa za ta yi rijiya ce."

"Kuma da wannan babanki zai rataye ni a bene kamar shanya. Mita huɗu. Da gaskiya ne, ai sai da tsani zan dinga fita masallaci."

"Ba laifinta ba ne, Kaka. Taurarin ɗan Adam ne suke gaya mata inda take, su kuma duk a sama suke, wasu gabas, wasu yamma. Babu ko ɗaya a ƙarƙashinmu. In ka ɓata a kasuwa za su nuna min rumfar da kake tsaye kana cinikin da ba za ka saya ba. Amma tsayi, nan suke lalube. Ga kwanon rufi da bango kuma suna karkatar da saƙon kafin ya iso."

"Na gane. Saman hulata kawai suke gani."

"Kusan haka."

"To wanda bai taɓa ganina ta gefe ba, ina ya san tsayina? Akwai dai na'urorin awo na gaske ko?"

"Akwai, a makaranta, masu ƙafa uku. Su ko faɗin yatsa ba sa kuskurewa. Amma ba a ba ɗalibi ya fita da su."

"Sun san ki ne. Je ki bayan tankin ruwa, akwai abu rataye a ƙusa, ɗauko min."

Wani dogon tiyo ne siriri, irin wanda ake ganin abin da ke cikinsa, ya yi ja saboda tsufa, an naɗe shi da kyau an ɗaure da igiya. Kaka ya sa ta zuba ɗan shuɗin wanki a bokiti, ya tsotsi bakin tiyon har ruwa ya biyo, sannan ya bi shi da yatsa yana daddanna shi, kumfar iska na gudu suna fita. Hannun da ke rawa in zai ɗaga kofin shayi, a kan tiyon nan ko gezau bai yi ba.

"Wannan shi ne tauraronka?"

"Wannan ya tsayar da gidaje sun fi gashin kanki yawa, kuma ba ya neman caji. Ruwan da ke wannan baki da na wancan baki kullum kansu ɗaya, ko kin ja shi ya zaga gari. In dai babu iska a ciki."

"Kamar kanka ke nan, sai an fitar da iska yake aiki."

"Rashin kunya a gidan miji. Ɗaure bakin nan a jikin ƙofa, ɗayan kuma ki kai shi waje ki ɗaure a ƙarfen get."

"Me ya hana ka yi tun makon jiya?"

Ya gyara zaman hularsa.

"Aikin mutum biyu ne. A da kakarki ce take tsaya min a ɗaya bakin."

Gajera ta ja tiyon ta fita. Da ta dawo ta tarar ya kafa sandarsa ta dogarawa a ƙasa, daidai bakin ɗaki, a jikin tiyon. Ya sunkuya, ya matso da fuska har hancinsa na taɓa roba, ya ja baya, ya sake matsowa. Wuƙa na hannunsa amma ya kasa yanka. Shuɗin ruwan ga shi nan ƙuru-ƙuru, shi ne ba ya ganinsa. Tausayinsa ya kama ta, ta kuwa san in ta nuna masa, ya fi ruwan ɗaki yi masa ciwo.

"Kawo wuƙar nan. Za ka lalata min sandar da zan gada."

"Wa ya ce ke za ki gada? Ta fi ki tsayi."

"Sai in sa a rage ta."

Ya miƙa mata ba musu. Ta yi tsaga a jikin sandar daidai kan ruwa, suka fita waje, shi yana dafe da kafaɗarta tunda sandar na hannunta.

"A hankali, tsoho, kada ka lotsa ni."

"Allah ya yi ki daidai dogarawa, ki gode masa."

A ƙofar gida ta kafa sandar a kan titi, kusa da ɗaya bakin tiyon, ta duba. Kan ruwan yana ƙasa da tsagar da ta yi, da kusan tafin hannu biyu.

"Me kika gani?"

"Kaka…"

"Faɗi gaskiya. Magini ba ya fushi da awo."

"Titi ya fi ɗakinka tudu. Ba mita huɗu ba, amma ya fi."

"Na sani."

"Ka sani?"

"Makaho ma ya sani, ƙafata tana gaya min kullum. Ke a makarantarku an ce muku ruwa a kan kwalta yake tafiya, yana tsayar da tasi? Ina ruwa yake bi?"

Ta juya ta kalli kwatar da aka gina a gefen titi lokacin aikin hanya. Yashi da leda sun cika ta har kusan baki. Nan take ta gane nufinsa.

"A'a, Kaka. Sabon takalmi ne."

"Cire shi. Ki tona har sai kin ji siminti. Ni ban san zurfinta ba, ba ni na gina ba, kuma masu aikin yanzu ba a shaidarsu. In ta yi zurfi, mun sa bututu daga rariya ya bi ta ƙarƙashi ya faɗa cikinta. In ba ta yi ba…" Ya ɗaga kafaɗa. "Sai ki share min wuri a benenku."

Ta cire takalmi, ta tattare zani, ta ɗauko shebur ta shiga. Kaka ya jingina da get yana ba da umarni kamar yana da lebura goma.

"'Yar jami'a a kwata. Ina ma taurarinki su ɗauki hoto."

"Saman kaina kawai za su gani, ai kai ka faɗa."

"Ki yi a hankali kada ki nutse, ba ni da ƙarfin ciro mutum."

"Ka yi shiru ko in fasa aurenka."

"Wa zai kwashe ki?"

Shebur ya yi ta cin yashi. Tun tana ƙirga kwasa har ta bari. Kaka ma zolayar ta ƙare masa, ya kasa kunne yana sauraron ƙarar shebur, ita kuma tana jin numfashinsa a saman kanta. Can ƙarfe ya daki siminti. Ta share wurin da tafin ƙafa, ta kafa sandar a kai, ta jira ruwan tiyo ya daina rawa, ta duba sau biyu, sannan ta yi tsaga ta biyu.

"To?"

"Tana sama da ta farko."

"Da nawa?"

"Auna da kanka."

Ta miƙo masa sandar daga cikin kwata. Ya laluba da babban yatsa har ya sami tsagar farko, ya ɗora tafin hannu, ya ƙara wani, ya jera yatsu uku, na ukun ya faɗa cikin tsaga ta biyu. Ya sake yi daga farko.

"Tafi biyu da yatsa uku," ya ce a hankali. "Daga ɗakina zuwa nan taku ashirin ne. Tafi ɗaya da rabi ma ya isa ruwa ya gangara." Ya rage murya. "Gajera, a kan ruwa kika tsaga, ko tausayin tsoho kika ji?"

"Ni in ji tausayinka? Da son raina ne ai a kai ka bene, in dinga cinye maka nama a kwano. A kan ruwa na tsaga, Kaka. In Baba bai yarda ba, ya zo ya shiga kwatar da kansa, ni zan riƙe masa takalmi."

Kaka ya sa gefen hannun riga ya goge ido, ya ce warin kwata ne, sai ta yi wanka sau uku kafin ta zauna masa a benci. Ta fito tana karkaɗe ƙafa, farin ciki ya cika ta har ba ta damu da zanin da ya ɓaci ba.

"To, 'yar safiyo, tsakanin taurari da tsohon tiyo wa ya ci?"

"Na sallama. Tiyo ya ci, waya ta sha ƙasa."

"Ƙara faɗa, kunnena ya yi nauyi."

"Ɗazu da na yi gunaguni a bayan tanki ai ka ji."

"Wannan zagi ne, shi ina jinsa ko daga nesa." Ya yi dariya, ya karɓi sandarsa ya dogara. "Tunda kin faɗi, akwai tara. Wanke hannu ki shiga ɗaki, ki jawo akwatin da ke ƙarƙashin gado."

"Kyauta za ka ba ni? Yau za a yi ruwa da ƙanƙara."

"Ke dai jawo."

Ta shiga ta jawo akwatin, da ƙyar ya taho don nauyi. Ta buɗe. Rigunansa ne a ninke, da huluna, da magungunansa a leda, da cokalin gininsa, da hoton kakarta da ya ciro daga bango ya naɗe a cikin tawul. Ashe duk cika bakin nan da yake yi, ya riga ya gama shirin Asabar shi kaɗai, bai gaya wa kowa ba. Ta daɗe a durƙushe a gaban akwatin.

"Kin mutu ne a ciki?" ya ce daga bakin ƙofa.

"Ina zuwa," ta ce, tana share fuska da bakin ɗankwali.

"Ki mayar da komai inda yake. Hoton a ƙusar da ke saman gado."

Ta ɗaga kai ta kalli ƙusar, ta miƙa hannu, ta yi ɗage, ko kusa ba ta kai ba. Kaka ya kwashe da dariya, ya jingine sandarsa, ya shigo ya karɓi hoton.

"Kawo nan, Gajera. Ke riƙe ni kawai kada in faɗi."