Ranar Da Na Gwada Gadon Amarya

Ba zan taɓa mantawa da jeren ƙanwata Falmata ba, ko da ni na manta, dangi ba za su bari ba.

Aikina gwada ƙarfin jiragen sama ne. A ɗakin bincikenmu, jibga wa fiffike buhunan yashi muke yi, ɗaya bayan ɗaya, har nauyin ya zarce wanda zai ɗauka a sama. Na iya aikin nan, ba yabon kai ba (to, da ɗan yabon kai).

Muka kwaso kayan ɗaki daga Nguru zuwa gidan ango a Gashuwa. Mata na jere, aka kira ni in ɗaure gado, tunda ga injiniya a gida. Na gama, sai Gwaggo Yagana, yayar babanmu, ta girgiza shi ta taɓe baki.

"Anya katakon nan zai kai baɗi?"

"Gwaggo, jirgi nake gwadawa, balle gado. Yanzu za ki gani da idonki."

Na sa aka shigo da buhunan shinkafa da geron gara. Na shiga jera su a kai ina bayani, mata sun zagaye ni, har da dangin ango. Gado ko gezau. Mai hankali a nan zai tsaya.

"Ya isa haka, ɗan nan," in ji Gwaggo.

"Ai a ƙa'idarmu sai an ƙara rabin nauyin."

Buhuna suka ƙare, sai na haye da kaina, har da ɗan tsalle.

Ƙaras! Gado ya rabe biyu, na nutse a tsakiya, ƙafafu a sama, gero na kwarara cikin babbar rigata. Sai wata tsohuwa daga dangin ango ta ce, "Sannu, direba. An sauka lafiya?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Da yamma aka kawo amarya ta tarar da katifa a ƙasa. Kukan da Falmata ta yi ya fi dariyar matan ƙona min rai, sai da na kai sabon gado da kaina ta kula ni.

Na dai ɗauki darasi: a wurin aiki, fiffiken da muke karyawa yana da ɗan'uwa a ajiye. Gadon amarya kuwa guda ɗaya ake kaiwa.